Wanda Bai Bar Baya Ba: Tunawa da Saurayin Soja a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya je gaisuwar mutuwa, bayan ya roƙa wa mamaci gafara, yakan rufe da cewa Allah ya raya baya. Wannan kalma, baya, ita ce ginshiƙin tunawa da mamaci a al'adar Hausawa. Baya shi ne 'ya'ya da jikoki, waɗanda za su riƙa yi wa mutum addu'a, su biya bashinsa, su riƙe zumuncinsa, su kuma mayar da sunansa a kan jariri. Saboda haka ne ake cewa wanda ya bar baya bai mutu ba.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a dubi wani mamaci wanda wannan addu'a ba ta cika samun wurin sauka a kansa ba, watau saurayin da ya shiga soja, ya mutu a bakin daga tun bai ajiye iyali ba, ko kuwa ya bar amarya ba ɗa. Za a ɗauki ƙasar Funtuwa da Malumfashi a kudancin Jihar Katsina a matsayin wurin nazari. Za a bi hanyar da ta kai samarin wannan yanki fagen fama, a gwada yadda al'ada da addini suke tunawa da mamaci da yadda hukuma take yi, sa'an nan a nuna gurbin da ke tsakanin biyun, inda sunan saurayin yakan faɗa ya ɓace.

Daga gona zuwa bariki

Ƙasar Funtuwa, mazaunin Sarkin Maska, da ƙasar Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, ƙasar noma ce. Auduga da dawa da masara su ne suka raya Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Faskari da Dandume. Saboda auduga ne kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a yankin, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙaurar Namoda a 1929. Jirgin da ya kwashi auduga shi ne kuma ya kwashi samari, domin a Zariya ne makarantar horar da kuratan soja take, tun 1924.

Sau uku aka yi babbar ɗiba. Ta farko a Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Turawa sun bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai wajen neman kurata. An kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma a 1943, aka kai su Indiya ta teku, daga nan suka shiga dazuzzukan Bama don yaƙar Japan. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka yi wannan tafiya, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Sun yi fama a kwarin Kaladan da yankin Arakan, bataliya uku ta Nijeriya kuma suka shiga cikin rundunar da ake kira Chindit a 1944. A wannan shekara ce Sarkin Katsina Usman Nagogo ya hau gadon sarauta, ya kuma je har Bama ya gana da sojan Nijeriya.

Ɗiba ta biyu a yaƙin basasa ne, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970. Sojan ƙasar da ba su wuce kimanin 10,000 ba a farkon yaƙi sun kai kusan 250,000 a ƙarshensa. Ba a samun irin wannan ƙari sai an taƙaita horo, an kuma karɓi manomi da ɗan kamasho da yaron mota da ɗan makarantar da bai gama ba. Da yawa daga cikin waɗannan sababbin shiga sun faɗa Runduna ta 2 ta Kanar Murtala Muhammed, wadda ta yi asarar rayuka masu yawa wajen ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara zuwa Onica a watan Oktoba na 1967, da kuma kwanton ɓaunar Abagana ranar 31 ga Maris 1968.

Ɗiba ta uku ita ce ta zamanin nan: Laberiya daga 1990, sai Saliyo, sai yaƙin Boko Haram daga 2009, sai kuma faɗa da 'yan bindigar daji, wanda ya kawo bakin daga har cikin gonakin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara.

A dukkan waɗannan lokuta abu ɗaya bai sake ba. Wanda ake ɗauka saurayi ne, mai shekara 18 zuwa 20 da 'yan kai. A gidan manomi, shi ne ƙarfin gandu. Fitarsa tana rage fartanya ɗaya a gona, amma tana kawo begen albashi, da kuɗin taki, da sadakin aure. In ya mutu, gidan ya yi asara biyu, ta ɗa da ta abin da ake sa rai.

Tunawar gida

Al'adar Hausawa da shari'ar Musulunci sun gina makoki a kan abubuwa huɗu: gawa, da kabari, da rana, da magaji. A ga gawa, a wanke ta, a yi mata sutura da salla. A kai ta makwancinta kusa da gari. A ƙidaya kwanaki daga ranar rasuwa, a yi zaman makoki, a yi sadakar uku, wasu gidajen har da ta bakwai da ta arba'in, ko da yake akwai malaman da ba su yarda da waɗannan na baya ba. Matar mamaci ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Sa'an nan a raba gado. Mutuwar soja takan rushe waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Game da gawa, shari'a kanta ta keɓe wanda ya mutu a tsakiyar fama. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, shahidin fagen yaƙi ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, da tufafinsa ake rufe shi. Asalin wannan hukunci yana yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, inda aka rufe kimanin mutum 70 a wurin da suka faɗi, wani lokaci biyu a kabari ɗaya. A cikinsu akwai Mus'abu ɗan Umairu, mai riƙe da tuta, wanda ya tashi cikin gata da sutura mai tsada a Makka, amma mayafin da aka samu na rufe shi ya gaza, in an rufe kai ƙafa ta fito, har sai da aka sa ciyawa a ƙafafun. Wane ne ya shiga wannan hukunci a yaƙoƙin zamani, wannan magana ce ta malamai. Abin lura a nan shi ne, rashin dawo da gawa gida ba wulaƙanci ba ne a idon shari'a. Amma kuma zuciyar uwa ba ta karanta fiƙihu ba. Gani ya kori ji, wadda ba ta ga makara ta fita daga zaure ba takan daɗe tana sauraren sallama. Daɗin daɗawa, Malikiyya ba su ɗauki sallar gawa daga nesa ba, saboda haka ko wannan taro na sallama ba kowane gida ke samunsa ba.

Game da rana, ga wanda aka ce ya ɓace, al'amarin ya fi tsanani. Littafin Risala, wanda kowane almajirin ilmi a wannan yanki ya sani, ya sa wa matar wanda ya ɓace wa'adin shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara gaban alƙali aka bincika, sa'an nan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Malamai sun rage wa'adin ga wanda ya ɓace a fagen fama, amma duk da haka sai an sami hukuncin alƙali, alƙali kuwa yana bukatar shaida. Wanda ya nutse a Kwara cikin dare, ko ya faɗi a dajin Kaladan, wa zai tsaya ya shaide shi? Nan ne takardar hukuma take zama abin addini, domin da ita ce ake buɗe takaba, a ɗaura sabon aure, a raba gado. Jinkirta ta zalunci ne ga mai rai.

Game da kabari, Bahaushe bai saba rubuta suna a kushewa ba. Guntun tukunya ko ɗan icce ya isa alama, bayan damina biyu ko uku ma sai ta ɓace. Wannan ba ya nufin mantuwa. Bahaushe a baki yake ajiye sunan mamacinsa, cikin addu'ar asuba, da sadakar daren Juma'a, da jaririn da aka raɗa wa sunan. Hadisin da ya shahara ya ambaci abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, watau sadaka mai gudana, da ilmi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Saurayi ɗan shekara 20 bai tara abin da zai yi waƙafi ba, bai kai ga karantarwa ba, bai kuma haifa ba. Iyayensa ne ke riƙe da sunansa, su kuwa sun fi shi kusa da kabari a bisa lissafin shekaru. Ran da suka kau, sai ƙanne, waɗanda su ma nasu iyalin ya ɗauke musu hankali. Haka abin yake a gidajen Hausawa Kirista na Malumfashi da Ƙafur, waɗanda su ma sun ba da 'ya'yansu: addu'ar coci ta bambanta da ta masallaci, amma rashin magaji iri ɗaya ne.

Ba kuma a ce ƙasar Hausa ba ta san ajiye sunayen matattun yaƙi a rubuce ba. Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Tazyinul Waraƙati, ya yi marsiyyar abokansa da suka faɗi a yaƙoƙin jihadi irin su Tsuntsuwa da Alwasa, ya ambace su da sunayensu. Saboda ya rubuta ne aka san su bayan shekara 200.

Tunawar hukuma

Hanyar da hukuma take bi daga Turai ta zo. An tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Farko da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba 1918, aka mai da wannan rana ta tunawa, da yin shiru na minti biyu, da busa begila, da ajiye furanni. A 1920 Ingila da Faransa suka ɗauko gawar sojan da ba a san ko wane ne ba, suka girmama ta a madadin duk waɗanda suka ɓace. Nijeriya ta gaji wannan tsari, daga baya ta mai da ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare. A Abuja da manyan biranen jihohi ana fareti, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru, a kuma sayar da tambarin tunawa don taimakon 'yan mazan jiya.

Turawan Ingila sun kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi a 1917, bisa ƙa'idar cewa kowane mamaci a rubuta sunansa, ba bambancin hafsa da farabiti. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, akwai ginshiƙan tunawa da aka buɗe a 1958, ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da sojan Nijeriya. Amma ƙa'idar ba ta game kowa ba. A watan Afrilu na 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na Yaƙin Farko, mai yiwuwa har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba, ko ma ba a tuna da su ba sam. Hujjar da wasu jami'an mulkin mallaka suka bayar a lokacin ita ce baƙar fata bai san darajar dutsen kabari ba. Sun ga Bahaushe da makwabtansa ba sa rubuta suna a kushewa, sai suka mai da wannan dalilin tsimin kuɗi. Ba su lura ba cewa wanda aka rufe a gefen garinsu yana da baki dubu masu ambatonsa, wanda aka rufe a ƙasar wasu kuwa rubutun nan kaɗai gare shi.

Gurbin da ke tsakani

Wanda ya bi sunayen barikokin ƙasar nan zai ga abin mamaki. Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Dodan a Ikko, duka daga yaƙin Bama suka fito. Bukavu ta Kano daga aikin Kwango ne na farkon shekarun 1960. Watau an adana sunayen ƙauyuka da koguna da rundunoni, an bar sunayen mutanen da suka mutu a can. Ɗan Bakori yakan wuce ƙofar Chindit kullum bai san ƙanen kakansa na iya zama cikin waɗanda suka saya wa barikin wannan suna da ransu ba.

Har inda aka rubuta suna, akwai wata matsala. Magatakardan soja na zamanin Turawa ya saba rubuta sunan yanka ya haɗa da sunan gari, ko na babban birnin da kurtu ya ambata. Mutumin ƙauyen Maska na iya zama wane Katsina ko wane Zariya a takarda. Wani kuma ya gudo ne ba da sanin iyaye ba, ya ba da sunan da ba nasa ba. Lambarsa tana nan daidai, amma gida ba a san lambar ba. Gida sun san laƙabinsa da sunan uwarsa, bariki ba a san waɗannan ba.

Sa'an nan akwai bambancin girma. Laftana Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba 2016, ƙasa duka ta san sunansa, ya kuwa cancanta. Amma ba shi kaɗai ya faɗi a daren ba, kuma kaɗan ne za su iya kawo sunan ko ɗaya daga cikin yaransa. A harin Metele na Nuwamba 2018 an daɗe ana gardama a kan adadin matattu ma, balle sunayensu. Cewa ana iya yin abin da ya fi haka ya tabbata a watan Maris na 2024, sa'ad da aka kashe soja 17 a Okuama ta Jihar Delta: an bayyana sunayensu duka tun daga kwamanda har farabiti, aka rufe su a maƙabartar soja ta Abuja, aka ba kowannensu lambar girma ta ƙasa. Abin da ya yiwu ga 17 ba shi da dalilin gagara ga sauran.

Ga taƙaitaccen bayanin gurbin. Hukuma tana da takarda da dutse da rana ɗaya a shekara, amma a birni take yinsu, da harshen da uwar mamaci ba ta ji. Gida yana da addu'a da ƙauna, amma ajalinsu ajalin iyaye ne. Furen da gwamna ya ajiye a Katsina ba ya isa Dandume, sadakar da tsohuwa ta yi a Dandume kuma ba ta shiga kundin kowa.

Abin da ya wajaba

Na farko yana kan ma'aikatan hukuma. Girmamawa ta farko ita ce sanarwa cikin hanzari da mutunci, ta bakin mutum, tare da hakimi ko dagaci da liman, kafin dangi su tsinci hoton ɗansu a wayar wani. A gaya musu ranar, da wurin, da inda aka rufe shi. Bayan haka sai hakkoki. Magatakardan da fayil ɗin mamaci ya kwana wata shida a teburinsa ya sani dattijo ne ke sayar da buhun masara don kuɗin motar zuwa bin sawu. Ya kamata kuma a wayar da kan jama'a cewa wanda soja ya rubuta a takarda a matsayin na kusa da shi wakilin karɓa ne a idon shari'ar Musulunci. Abin da ya zama gado sai an raba shi bisa ƙa'ida, uwa da uba da mata kowa da rabonsa. Rashin fahimtar wannan ya raba gidaje da yawa.

Na biyu yana kan ƙananan hukumomi da masarauta. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 an ƙara yawan ƙananan hukumomi da gundumomin hakimai, har ya zama babu ƙauyen da ya yi nisa da ofis. Littafi ɗaya a ofishin kowane hakimi ya isa: sunan yanka, laƙabi, sunan uba da na uwa, unguwa, lambar soja, runduna, wurin rasuwa da shekara. A buɗe masa babi na biyu don 'ya'yan wasu jihohi da suka mutu suna tsaron Faskari da Sabuwa, domin su ma samari ne, su ma wata uwa tana can tana jira.

Na uku yana kan ɗalibai. Rajistar hukumar kaburburan yaƙi tana intanet, kowa na iya bincika ta da suna ko da runduna. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da takardun lardi da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, suna jiran mai karatu. Mutanen Bama kusan duk sun kau. Wanda ya shiga yaƙin basasa yana ɗan shekara 20 kuwa ya haura 75. Kowane ɗayansu yana riƙe da sunayen abokan da ya rufe da hannunsa, kuma ran da aka rufe shi, da su za a rufe. Ɗalibin da ya zauna da irin wannan dattijo yini ɗaya ya rubuta, ya yi aikin da ba mai iya yinsa bayan shekara goma.

Na huɗu, siffar abin tunawa ta dace da mutanen wurin. Mutum-mutumi ba zai karɓu a wannan yanki ba, ba kuwa a bukatarsa. Rijiya, ko aji a makarantar firamare, ko ɗakin shan magani, ko layin itatuwa a bakin kasuwa, a sa masa sunan farabiti wane ɗan wane, wannan ya haɗa abin da hukuma ke nema da abin da addini ke nema. Suna ya tabbata a rubuce, sadaka kuma tana gudana ga wanda bai sami sukunin yi wa kansa ba.

Kammalawa

An nuna cewa tunawa da mamaci a ƙasar Hausa aikin baya ne, kuma saurayin da ya mutu a bakin daga shi ne mamacin da aka yanke wa baya. Ba shi ya zaɓi yaƙin ba. Ba a tambaye shi ra'ayinsa kan Bama ko Biyafara ba, kuma ana iya saɓani a kan yaƙi ba tare da an yi saɓani a kan hakkin wanda aka tura ba. Shekarun da zai yi aure ya haifi masu yi masa addu'a, su ne ya bayar, jama'a kuwa ita ta karɓa. Wanda ya karɓi abu shi ke da nauyin biya. Saboda haka idan aka je gaisuwa gidan irin wannan saurayi aka ce Allah ya raya baya, masu gaisuwar su sani kansu suke yi wa addu'a, domin ba shi da wani baya sai su.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyayensu haƙuri, ya zaunar da ƙasa lafiya.